Yadda Aka Ari Dabarar Jemage Don Tafiyar Makafi

Sandar makaho tana gaya masa abin da ke ƙasa: dutse, rami, bakin kwata, matakala. Amma daga ƙugu zuwa sama babu ruwanta. Reshen bishiya da ya sunkuyo, ko murfin taga a buɗe, ko bayan babbar mota da aka ajiye a gefen hanya, duk sai sandar ta wuce ta ƙarƙashinsu, goshi ya ji a jika. Wannan giɓin ne masu ƙere-ƙere suka shafe fiye da shekara sittin suna neman cikewa.

Kafin a kai ga na'ura, sai da aka warware wata tsohuwar gardama. An daɗe ana cewa makaho yana jin kusantar bango ne a fatar fuskarsa, makafin ma da yawa haka suka ɗauka. A 1944 wasu masana a Jami'ar Cornell ta Amurka, cikinsu har da Michael Supa wanda shi kansa makaho ne, suka gwada abin. Da aka lulluɓe wa mutum fuska, bai fasa gane bango ba. Da aka toshe masa kunne kuwa, sai ya yi karo da shi. Ashe amon takunsa ne ke bugun bango ya dawo masa. A shekarar ce kuma Donald Griffin, wanda ya tabbatar da cewa jemage da sauti yake gane hanya cikin duhu, ya laƙa wa wannan dabara suna a kimiyyance. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana maido da sojoji da suka makance, a asibitin soja na Valley Forge kuma Richard Hoover yana koya musu tafiya da doguwar sanda, wadda ake kaɗawa dama da hagu.

Wanda ya fi kowa nisa a kwaikwayon jemage shi ne Leslie Kay, injiniya ɗan Ingila da ya fara aiki kan na'urorin gano jiragen ƙarƙashin teku. A shekarun 1960 ya fito da wata aba mai kamar tocila, wadda maimakon haske take harba sautin da kunnen mutum ba ya ji. Da ya koma Jami'ar Canterbury a New Zealand sai ya mayar da ita tabarau, aka sa masa suna Sonicguide. A saman hanci aka dasa abin harba sautin, tare da makarɓa biyu masu kama amonsa a mayar da shi sautin da ake ji, ɗaya na kunnen dama, ɗaya na hagu. In abu yana nesa, sautin da mai tabarau zai ji siriri ne, yana matsowa sautin yana yin kauri. Kunnen da ya fi jin ƙara shi ke nuna ɓangaren da abin yake. Wanda ya goge ma yana iya bambanta shingen ganye da bangon siminti, don amonsu ba ɗaya ba ne. Gwaninta kam an yi ta.

Sai dai garin neman ƙiba an so a samo rama. Kunne shi ne jarin makaho a kan titi. Da shi yake sanin inda mota ta nufa, da shi yake gane ya iso mararraba. Na'urar da ke zuba masa ƙara ba tsayawa tana cin wannan jari ne. Ga tsada, ga doguwar koyarwa. Haka sauran takwarorinta suka sha fama: Pathsounder ta Lindsay Russell da ake ratayawa a ƙirji, da sanda mai hasken leza ta shekarun 1970, mai harba haske uku, sama da gaba da ƙasa. A 1986 wani rahoto na majalisar binciken kimiyya ta Amurka ya nuna cewa makafi kaɗan ne ke amfani da irin waɗannan na'urori yau da kullum. A ganina laifin ba na wayoyi da batura ba ne. Masu ido ne suka zauna suna tsara abin da suke zaton marar ido yana bukata.

Tony Heyes na Nottingham ya bi wata hanyar. Na'urarsa, Sonic Pathfinder, da ake ɗaurawa a goshi, ba ta ba da labarin komai sai abu mafi kusa, kuma takan fifita wanda ke tsakiyar hanya. Wasu suka bar kunne gaba ɗaya suka koma fata, kamar Mowat Sensor da ke rawa a tafin hannu. Paul Bach-y-Rita ma tun 1969 ya nuna ana iya aika hoton kyamara ta fatar baya, da ƙusoshi 400 masu motsi a jikin kujera. Jikanyar wannan kujera ita ce BrainPort, da ake ɗorawa a harshe, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2015.

Maganar kuɗi Indiya ce ta taɓa ta. A 2014 cibiyar fasaha ta IIT Delhi ta fito da SmartCane, ƙaramar na'ura da ake maƙalawa a mariƙin sandar da makaho ya saba da ita. Tana gano abin da ke daga gwiwa zuwa kai har tazarar mita 3, ta sanar da shi ta hanyar girgiza. A lokacin an sayar da ita a kan kusan rupee 3,000. Bayanta an ga Sunu Band na wuyan hannu, da sandar WeWALK ta Turkiyya, wadda Kürşat Ceylan, makaho, yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta.

Duk da haka, rami da buɗaɗɗiyar kwata, irin waɗanda makahon Kano ko Maraɗi ke ketarawa kullum in babu ɗan jagora, har yanzu suna yi wa na'urorin sauti wuyar ganewa, domin rami ba ya maido da amo yadda bango ke yi. Shi ya sa masu ƙera su ke gargaɗin kada mai amfani da su ya ajiye sandarsa.