Daga Gammo Zuwa Ƙugiya

Mu 'yan Zangon Kumasi jikokin masu kaya ne. Kakanninmu fatake suna tasowa daga Kano da Katsina da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su sauka Salaga a ƙasar Gwanja su sayi goron Asante. Bayan Turawan Ingila sun mamaye Kumasi a 1896 ne Hausawa suka yawaita a garin, Zango ya bunƙasa. A wancan zamani nauyin kaya bai wuce abin da gammo ko bayan jaki zai ɗauka ba. In ya suɓuce, yawanci targaɗe ne ko karaya.

Daga baya ƙarfe ya shigo. Jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903, aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928, ta Tema kuma a 1962. Ƙugiya, wato injin ɗaga kaya, ta karɓi aikin da mutum ɗari ba za su iya ba. Da aka fara gina sabuwar kasuwar Kejetia a 2015, daga unguwanninmu muna hango dogayen wuyanta. Kaya ya koma tan-tan, amma ƙashin leburan da ke ƙasa yana nan yadda Allah Ya halicce shi.

Doka ta biyo baya. A 1970 Ghana ta kafa dokar masana'antu da ofisoshi da shaguna, wadda ta tanadi duba sarƙoƙi da igiyoyi da injinan ɗaga kaya. Dokar ƙwadago ta 2003 kuma ta ɗora wa mai aiki nauyin kare lafiyar ma'aikatansa. To amma takarda ba ta tare kaya in ya taho.

Babu Musulmin Zango da zai manta ranar Juma'a 11 ga Satumba, 2015, da ƙugiya ta faɗo a Masallacin Harami na Makka ana iska da ruwan sama, ta kashe mutane sama da 100. Binciken hukumomin Saudiyya ya gano an bar wuyanta a tsaye, saɓanin ƙa'idar aiki da ita. Ajali gaskiya ne, sakaci ma gaskiya ne.

A wurin gini kuwa, ba sai ƙugiya ta faɗi take kisa ba. Wani yana ƙarƙashin kaya sarƙa ta tsinke. Wani ya sa hannu zai daidaita ƙarfen da ke lilo, ya matse shi da bango. Wani yana bayan injin, ya juya, nauyin da ke gindinsa ya haɗa shi da ginshiƙi. Maganinsu sananne ne: kada kowa ya tsaya ƙarƙashin kaya, a ja kayan da igiya daga nesa, a killace duk inda injin ke juyawa, a duba sarƙa kafin a ɗaura. A tuna, gwargwadon miƙewar wuyan, gwargwadon raguwar abin da zai iya ɗauka. Da damina ƙasar Kumasi takan yi laushi, dole a shimfiɗa katakai masu kauri ƙarƙashin ƙafafun injin. In iska ta taso, a dakata. Wanda kaya ya daɗe a kansa kuma, ko ya miƙe yana cewa lafiya lau, a kai shi asibitin Komfo Anokye, domin naman da ya murƙushe yana sakin guba mai lalata ƙoda. Likitocin Landan sun bayyana haka tun 1941, lokacin ruwan bama-bamai.

A ganina, babban darasin yana cikin tarihinmu. Ayari na da madugu, yana da jagaba, kuma muryar mutum ɗaya ake bi a hanya. Haka ɗaga kaya yake: mutum ɗaya ke ba direba alama, sai dai umarnin tsayawa, wannan kowa na da ikon bayarwa. Ɗan'uwana lebura, in ka ga abin da bai kwanta maka ba, ɗaga murya. Gara a kira ka matsoraci ka koma gida da ƙafafunka, domin rigakafi ya fi magani.