Iskar taya: Nawa ya dace da ƙaramar mota a hanyar Sakkwato zuwa Illela?

Daga birnin Sakkwato zuwa garin Illela tafiyar kilomita 80 da 'yan kai ce, ta Kware da Gwadabawa, daga nan kuma tsallake ɗaya ya rage a shiga Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Ranar Lahadi da kasuwar Illela ke ci, hanyar kan cika da ƙananan motoci na 'yan kasuwa da ma'aikata da direbobin haya, wasu fayau, wasu an danƙara musu albasa ko wake har bayansu na neman sharar kwalta. Dukkansu a kan abu ɗaya suke tafiya, wato iskar da ke cikin taya. Roba da wayoyin da ke jikin taya mazubi ne kurum. Iskar ce ke ɗauke da mota da duk abin da ke cikinta. Duk da haka, mafi yawan masu mota mai faci suke bar wa shawarar yawan iskar, shi kuma sau tari lamba ɗaya yake sa wa kowa, ko bas ce mai cin mutum 18 ko Starlet.

Lambar da za a bi

Kamfanin da ya ƙera mota ne ke yanke yawan iskar tayarta, ba kamfanin da ya yi tayar ba. Yakan rubuta adadin a wata 'yar takarda da ake mannawa a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko a cikin murfin tankin mai, da kuma littafin motar. Ga yawancin ƙananan motoci irin su Corolla da Golf da Civic, adadin na tsakanin 28 da 35 ne a ma'aunin PSI, wanda masu faci a Najeriya suka saba da shi. A motoci da dama lambar gaba daban, ta baya daban, akwai kuma layi na biyu na lokacin da aka cika mota da mutane da kaya.

Inda ake samun ruɗani shi ne lambar da ke rubuce a gefen tayar kanta, wadda kan nuna 44 ko 51. Wannan iyaka ce, ma'ana mafi yawan iskar da aka yarda a ɗura wa tayar tana sanyi. Ba ita ce abin da motar ke buƙata ba. Taya iri ɗaya za ta iya shiga motoci goma masu nauyi daban-daban, don haka mai yin ta bai san inda za ta ƙare ba, iyakar kawai zai iya faɗi.

Dalilin da ya sa nauyi ke yanke hukunci lissafi ne mai sauƙi. A ɗauki mota mai nauyin tan ɗaya, kowace taya na ɗauke da kusan kilo 250. Idan iskar ta kai 30, faɗin robar da ke taɓa ƙasa bai wuce tafin hannun babban mutum ba. Da wannan ɗan wuri, sau huɗu, mota ke taka birki, da shi take shan kwana. Idan aka ɗura 45, wurin yakan tsuke da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mota ta riƙa tsalle a kan gargada, sitiyari ya yi sakayau, tsakiyar taya ta riga gefuna cinyewa, kuma rami ɗaya mai kaifin baki ya isa ya tsinka zaren da ke ciki, taya ta yi ƙulu. Shi ya sa motocin wasanni marasa nauyi ke tafiya da iskar da direban haya zai ce ta yi kaɗan. Mazda MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989 da nauyin da bai cika tan ɗaya ba, 26 aka rubuta mata, ita kuwa Caterham Seven ta Ingila, mai nauyin kusan rabin tan, a wajen 20 ake barin ta. Gudun mota ko kyan surarta ba su ne mizani ba. Gwargwadon rashin nauyinta, gwargwadon yadda iskar da ta wuce kima ke rage mata riƙon ƙasa.

Zafi da rage iska

A nan ne wata fahimta da ta yaɗu tsakanin direbobi ke jefa mutane cikin haɗari. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin Sakkwato kan haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka nesa. Sai ka ga direba ya tsaya a hanya, ya taɓa taya ya ji ta yi zafi, ya sa tsinke a bawul ya rage iska wai don kada ta yi bindiga. Niyyar mai kyau ce, amma aikin ya saɓa wa yadda taya take.

Gaskiya ne iska na ƙaruwa idan ta ɗumama: kusan PSI ɗaya a duk ƙarin digiri biyar zuwa shida. Bayan tafiyar sa'a guda, taya da aka sa wa 32 za ta iya nuna 36 ko 38. Masu ƙera mota sun riga sun sa wannan ƙarin cikin lissafinsu, lafiyayyar taya kuma na jure abin da ya fi haka da nisa. Abin da ba ta jurewa shi ne ƙarancin iska. Taya mai laushi gefunanta na lanƙwashewa suna miƙewa a kowane juyi, kuma a gudun kilomita 100 cikin sa'a tayar ƙaramar mota na juyawa kusan sau 15 a daƙiƙa ɗaya. Wannan murza ce ke haifar da zafi daga cikin robar, kamar yadda waya ke ɗaukar zafi idan aka yi ta lanƙwasa ta ana miƙewa. Zafin na narkar da haɗin da ke tsakanin roba da wayoyin ƙarfe, har fatar sama ta ɓare ko gefe ya tsage. Wanda ya rage wa taya iska tana zafi ya ƙara mata wannan murza ne, in ta huce kuma sai a tarar ta sauka ƙasa da abin da aka ƙayyade.

Duniya ta ga misalin haka a shekarar 2000, lokacin da kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, yawancinsu na kan motar Ford Explorer, bayan haɗurran da suka ci rayuka masu yawa. An fi samun matsalar a wurare masu zafi, irin su Saudiyya da Benezuwela da kudancin Amurka. Cikin abin da kamfanonin biyu suka yi ta jayayya a kai har da yawan iska: Ford ya rubuta 26, Firestone ya ce 30 ya dace. Bambancin huɗu kacal. Wannan dambarwa ce ta sa Amurka ta wajabta na'urar gargaɗin iskar taya a sababbin motoci daga 2007, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2014. Masu motocin da ke da ita su lura cewa fitilar a yawancin motoci ba ta kamawa sai iska ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, wato bayan an daɗe ana ɓarna.

Ƙa'idar ita ce a auna taya tana sanyi: da sassafe, ko bayan mota ta huta aƙalla sa'a uku, ko kuma ba ta yi tafiyar da ta wuce kilomita biyu ba. Idan dole ta sa a auna a tsakiyar tafiya, a yi tsammanin ganin ƙarin huɗu ko biyar, a bar su. In kuwa taya mai zafi ta nuna daidai lambar ƙofa, to a haƙiƙa iskarta ta yi kaɗan.

Hunturu ma na da nasa. Asubahin Disamba da Janairu a wannan yanki kan sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa, tsakaninsa da tsakar ranar Afrilu kuwa akwai bambancin da ya kai PSI huɗu. Ga shi ko babu huji, taya na tsiyayar da kusan ɗaya a kowane wata ta jikin robar. Wanda ya sa iska a Oktoba bai sake dubawa ba, zuwa Janairu yana tafiya a kan taya mai laushi bai sani ba. Aljihu ma na ji a jikinsa, domin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kowane PSI ɗaya da ya ragu a tayoyi huɗu na ƙara shan mai da kusan kashi 0.2 cikin ɗari.

Ma'auni biyu a iyaka ɗaya

Matafiyin Illela na da wata matsala da ɗan Kaduna ba ya da ita. Da zarar an shiga Ƙonni, tsarin awon Faransa ake bi, inda ake ƙidaya iska da bar, wanda a baka aka fi kira kilo. Bar ɗaya PSI 14.5 ne. Ke nan 2.0 daidai yake da 29, 2.2 da 32, 2.4 kuma da 35. Motocin Turai da ake shigowa da su ta Kwatano galibi da bar aka rubuta takardar ƙofarsu, na Amurka da PSI, na Japan kuma sau da yawa da kPa, inda 220 ke nufin 2.2. Wanda ya ce wa mai faci a tsallake "sa mini uku" don ya cike lissafi ya ɗura kusan 44 ne.

Lodi

Ɗan kasuwa da ke ɗaukar kaya a ƙaramar mota ya kamata ya san wata lamba ta daban. A gefen taya za a ga rubutu kamar 175/65 R14 82T. Lamba 82 na nufin tayar na iya ɗaukar kilo 475, 88 na nufin 560, 91 kuma 615. Harafin na gudu ne: T kilomita 190 cikin sa'a, H 210. Wannan nauyin ma sai da cikakkiyar iska take ɗaukarsa, idan iska ta ragu ƙarfin ɗaukar ma ya ragu.

A yi lissafi. Tayar baya ta ƙaramar mota na ɗauke da kusan kilo 200 motar tana fayau. Aka zuba buhu shida masu kilo 100 a but da kujerar baya, kusan duk nauyin a kan tayoyin baya zai sauka, 300 kowace. An kai 500 ke nan, an wuce 475 tun kafin fasinja ko ɗaya ya zauna. Ƙarin iska uku zuwa shida a baya, gwargwadon layi na biyu na takardar ƙofa, yana taimaka wa motar da aka cika cikin ƙa'ida. Amma babu iskar da za ta mayar da taya mai 82 ta zama mai 91, kuma ɗura 50 don a ɗaga bayan motar da ya zauna ɓoye alamar kawai yake yi. A ganina, mai irin wannan sana'a ya fi masa ya kashe kuɗi kan taya mai babbar lambar lodi, ko ya raba kayan sahu biyu, da ya dogara ga kwampireson bakin tasha. Bayan an sauke kaya kuma a mayar da iskar yadda take, abin da kusan kowa ke mantawa.

Wuri ɗaya da rage iska ke da hujja shi ne rairayi. Mai shiga ƙauyukan da ke gefen kwalta, inda hanya yashi ce zalla, zai iya saukar da ita zuwa wajen 20 don taya ta shimfiɗu ta daina nutsewa, da sharaɗin tafiya a hankali da guje wa kwana mai tsini, kada taya ta saki rim. Kafin a hau kwalta da gudu dole a mayar, wanda ke nufin sai da famfo a mota.

Ido, geji da shekarun taya

Buga taya da ƙafa ko da sifana ba awo ba ne. Tun da Michelin ya fito da taya samfurin radiyal a 1946, wadda ita ce a kan kusan kowace ƙaramar mota yanzu, gefen taya kan ɗan yi tumbi ko da iskarta daidai take, kuma za ta iya rasa biyar ko shida ido bai gane ba. Gejin mai faci kuwa yini yake yana faɗuwa cikin ƙura da rana, ba laifinsa ba ne idan ya kauce. Ƙaramin geji na aljihu bai kai kuɗin 'yan litocin mai ba. A auna da shi sau biyu a wata da kuma kafin doguwar tafiya, a haɗa da safaya. Siririyar nan da ke zuwa da motocin zamani 60 take buƙata, kuma ba a wuce gudun 80 da ita. Murfin bawul ma ba ado ba ne a ƙasar da ƙura ke shiga ko'ina. Batun naitirojin da wasu gidajen taya ke sayarwa ba ya buƙatar dogon bayani: kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, kuma wanda ya saya ma sai ya riƙa aunawa.

Duk wannan lissafi a kan lafiyayyar taya aka gina shi. Tun bayan da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina sarrafa taya a Ikeja a 2008, ƙasar ta dogara ne ga na waje, kuma duk da cewa tsofaffin tayoyin ƙananan motoci na cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su, na Beljiyam ba su ɓace daga kasuwa ba. Mai saye ya nemi lambobi huɗu da ke ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, don haka 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa na ɗaukar shekara huɗu daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya. Manyan kamfanonin taya sun fi sassauci, suna cewa a riƙa bincikawa duk shekara bayan ta biyar, kada kuma a wuce goma ko da zanen bai suɗe ba. Wanda motarsa ke yini a ranar Sakkwato, ya fi masa aminci ya tsaya kusa da lissafin hukumar. Tayar da ta yi tsatstsaga a gefe, ko ta yi ƙulu, ko zurfin zanenta ya sauka ƙasa da milimita 1.6, a cire ta, komai yawan iskar da geji ya nuna.