Sunan da doka ta killace: tarihin laƙabin ma'aikacin jin daɗin jama'a a Ingila

 Yau za mu leƙa Ingila, mu ga yadda sunan wani aiki ya zama abin da kotu ke cin mutum tara a kansa.

Daga ranar 1 ga Afrilu, 2005, duk wanda ya kira kansa ma'aikacin jin daɗin jama'a a Ingila, wato social worker a bakin Turawa, da nufin yaudara alhali sunansa ba ya cikin rajista, ya aikata laifi. Tarar a lokacin tana iya kaiwa fam 5,000. Kafin wannan rana kuwa, kowa na iya amsa sunan ba mai ce masa kanzil.

Aikin ya girmi dokar nesa ba kusa ba. A 1869 aka kafa wata ƙungiyar tsara sadaka a Landan, wadda wakilanta ke shiga gidajen talakawa suna bincike kafin a ba da taimako. A 1895 asibitin Royal Free ya ɗauki Mary Stewart aiki domin ta riƙa tantance marasa lafiyar da suka cancanci magani kyauta. Bayan rahoton kwamitin Seebohm na 1968, dokar 1970 ta tattara ayyukan kula da yara, tsofaffi da naƙasassu a ƙarƙashin sashe guda a hukumomin yankuna.

Da tafiya ta yi nisa, sai iko ya taru a hannun mai wannan suna. Yana shiga gida ya duba halin da yaro ke ciki, ya rubuta rahoton da alƙali zai dogara da shi wajen raba ɗa da iyayensa. A ƙarƙashin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983, wanda aka amince masa daga cikinsu na iya neman a tsare mutum a asibiti ko da bai yarda ba. Duk da haka babu rajistar ƙasa. Wanda aka kora a wannan gari saboda mugun hali yana iya neman aiki a wancan.

Dokar ingancin kulawa ta shekarar 2000 ce ta toshe ɓarakar. Ta kafa majalisar GSCC, wadda ta fara aiki a 2001, ta buɗe rajista a 2003, sashe na 61 na dokar kuma ya killace sunan. A 2012 aka rushe majalisar aka miƙa rajistar ga hukumar HCPC, sannan a Disambar 2019 Social Work England ta karɓa.

Ga wani tarko da mai rubuta tarihi ya kamata ya kiyaye. A Fabrairun 2000 wata yarinya 'yar shekara 8 daga ƙasar Kwaddebuwa, Victoria Climbié, ta mutu a Landan saboda azabar masu riƙonta, duk da cewa hukumomi sun san da ita. Da yake dokar ta fito a shekarar, da sauƙi marubuci ya ce mutuwarta ce ta haifar da ita. Amma tun 1998 gwamnati ta bayyana shirin, ƙudurin kuma yana gaban majalisar dokoki kafin yarinyar ta rasu. Abu biyu su faru a jere ba hujja ba ce cewa ɗaya ne sanadin ɗaya.

Sannan a lura, suna dokar ta killace. Ba ta hana kowa taimakon maraya ko sasanta ma'aurata ba. Abin da ta tanada shi ne, uwar da aka ƙwanƙwasa wa ƙofa ta iya duba rajista ta san ko wane ne, ta kuma san inda za ta kai ƙara idan ya cuce ta, har a goge sunansa. Hausawa sun ce suna linzami ne; a nan an mayar da shi linzamin da hukuma ke jan ma'aikaci da shi.

Najeriya ma ta yi dokar kafa majalisar wannan aiki a 2022. Wanda zai saka irin wannan ma'aikaci a labarinsa, ya fara tambayar kansa: a wace ƙasa, a wace shekara, kuma wa ya ba shi sunan?

Sai mun ji ra'ayoyinku.