Tsofaffin Bindigogin Ƙasar Ruma

A ƙarshen ƙarni na 19, zamanin jarumi Ɗanwaire, takobi da kwari da baka su ne makaman Ruma. Bindiga kuwa sai ɗaiɗaiku, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ita ce kakar adakar da maharban dajin Rugu suka gada. Masu aman harsashi samfurin Sten sai a Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙera su, kuma dokar makamai ta 1959 ta hana mallakarsu ba da izini ba.

Tun kisan Tsauwa da Dankar a 2020, kowace bindiga abar zargi ce. 'Yan'uwa mazauna birni, duk mai irin wannan gado ya rubuta tarihinsa, ya miƙa shi gidan tarihi na Katsina ta hannun hukuma.