Daga Kunnen Kaset zuwa Katin Dikoda

Asali, kwafi ba abin kunya ba ne a ƙasarmu. A Sifawa, nan cikin ƙasar Bodinga, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, almajiri kan ari littafi ya duƙufa da alƙalami da tawada har ya kwafe shi kaf, kuma lada ake lissafa masa. Da wannan tarbiyya muka tashi. Shi ya sa a duk zamana na gyaran rediyo da bidiyo tsakanin Bodinga da Shagari, ban taɓa ganin wanda ya zo da kaset biyu ya ce "a juye mini" yana sunkuyar da kai ba.

Kariya ta farko da na sani a jikin kayan kallo ita ce ɗan kunnen robar nan na gefen kaset. In ka ɓalle shi, bidiyo ba za ta yarda ta ɗauki wani abu a kai ba. Sai dai sharewa yake hanawa, ba juyewa ba, kuma ko yaro ya san maganinsa: a liƙa salatif a ramin. A Amurka sun wuce nan tun 1985, da dabarar Macrovision, wadda ke ɓoye wata alama cikin hoton. Talbijin ba ta damu da ita ba, amma bidiyon da ke juyewa sai ta rikice, hoto ya riƙa duhu yana haske.

Fim ɗin Hausa bai sami wannan gatan ba. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, abin da ya tsare haƙƙin furodusa takarda ce. Shi zai buga kwali, ya kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano tare da uwar kaset, su kuma su juye da na'urorinsu gwargwadon kwalin da suka saya. Kaset mai kwalin asali shi ne halal, wanda aka rubuta sunansa da biro kowa ya san ta inda ya biyo. Tsarin ya daɗe yana aiki, domin juyewa na cin lokaci: fim ɗin awa biyu sai an ba shi awa biyunsa, kuma kowane juyi hoton ƙara dushewa yake. Wahala ce ta tsare masu fim, ba makulli ba.

Sidi ya zo ya kwashe wahalar. Faifan VCD, wanda aka tsara a 1993, ba shi da kariya ko ta anini, kwafi na ɗari daidai yake da na farko. DVD ya fito a 1996 da mabuɗi dashe cikin na'urar kunnawa, amma a 1999 wani matashi ɗan Norway, Jon Johansen, da abokansa suka karya shi. Mu dai ko a jikinmu, don faifanmu tun farko a buɗe ake buga shi. Memorin waya ma, wanda Panasonic da SanDisk da Toshiba suka tsara asalinsa a 1999, an gina shi da hanyar kulle waƙa, masu amfani da ita ne ba a samu ba. Shi ne ya ƙarasa kasuwar faifai. Ranar kasuwa yaro zai kafa tebur da kwamfuta, ya cika maka waya da finafinai a kan kuɗin shayi da burodi, furodusa na Kano bai san ana yi ba.

Inda na ga makulli ya kama da gaske, a gidajen kallon ƙwallo ne. DStv ya fara a 1995, StarTimes ya shigo Nijeriya a 2010, GOtv ya bayyana a 2011. Hoton da ke saukowa a hargitse yake zuwa, mabuɗin warware shi kuma yana sauyawa bayan 'yan daƙiƙu, katin da ke cikin dikoda ne kaɗai ke iya fitar da shi. An yi wani zamani na dongul, inda ake raba mabuɗin kati guda ga dubban gidaje ta layin waya. Sai kamfanoni suka ɗaura kowane kati da ƙwaƙwalwar dikoda guda, mabuɗin ya daina fitowa fili, harkar ta yi sanyi.

Na tuna wani mai gidan kallo a Shagari da janareto ya ƙona masa dikoda ana saura awa guda wasa, benci ya cika. Ya aro ta maƙwabci, ya zo mini da katinsa a hannu. "Injiniya, zura mini nan, ai kuɗina na ciki." Na ce, "Alhaji, katin nan ba ya gane kowace sai tasa." Muka zura, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Dole ya mayar wa yara kuɗinsu. Makullin bai san mai biya da ɓarawo ba, na'ura kawai ya sani.

Yau abin ya koma cikin waya. Tsarin kariya na Widevine, da Google ya saya a 2010, yana warware fim a wani keɓaɓɓen sashe na ƙwaƙwalwar wayar da sauran manhajoji ba sa leƙawa. Shi ya sa in ka gwada ɗaukar allo sai ka sami duhu, wayar da ba ta da wannan sashen kuma a ba ta hoto mai rauni. Dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta haramta karya irin wannan kariya, ko da yake kariyar ba ta iya hana mutum ɗaga waya ta biyu ya ɗauki allon ta farko.

Masu fim ɗinmu ba su jira wannan ba. Arewa24 ta buɗe a 2014, daga baya Izzar So da Labarina suka nuna cewa a sakar wa jama'a kyauta a ci kuɗin talla ya fi a bi ɓarawo kasuwa-kasuwa. A ganina sun yi daidai. Makullin da ya yi aiki a garuruwanmu ƙwallon Turai ya tsare, kuma mabuɗinsa na hannun manyan kamfanoni. Fim ɗin Hausa kuwa, daga kaset har memori, a buɗe aka sayar da shi.