Hampi: ƙauyen Indiya da ke zaune a kan kufan babbar daula

Hampi ƙauye ne a jihar Karnataka, kudancin Indiya, a bakin kogin Tungabhadra. Nan ne fadar daular Vijayanagara da aka kafa a 1336, wadda ta kai ganiyarta zamanin sarki Krishnadevaraya (1509 zuwa 1529). A 1565 sarakunan Dekan suka haɗa kai suka ci daular da yaƙi a Talikota, aka wawashe birnin, bai sake tashi ba. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1986, kuma gine-ginen da suka rage sun haura 1,600.

Mabiya addinin Hindu suna ɗaukar yankin a matsayin Kishkindha, masarautar birai da ke cikin labarin Ramayana, suna kuma cewa a dutsen Anjanadri aka haifi Hanuman. Haikalin Virupaksha, mai hasumiya kusan mita 50, har yau ana bauta a cikinsa, don haka sai an cire takalmi kafin a shiga. A haikalin Vittala kuwa akwai keken doki da aka sassaƙa da dutse, shi ne hoton da ke bayan takardar rufi 50.

Abin da masu yawon buɗe ido suka fi wucewa ba su lura ba shi ne sawun Musulmi. Sarki Deva Raya na biyu ya ɗauki Musulmi maharba cikin rundunarsa, kuma masallaci da kaburburansu suna nan. Ɗakunan giwayen sarki ma da ƙubbobi aka gina su, irin na ginin Musulunci. Abdur Razzaq, jakadan da ya zo daga Herat a 1443, ya bar cikakken bayanin birnin da ganuwoyinsa.

Ajiye tarihin bai zo wa mazauna da sauƙi ba. A 2011 hukuma ta rushe gidaje da shagunan da ke kasuwar gaban Virupaksha, aka tashi iyalai da yawa.

Wanda ya je Bangalore neman magani ko karatu, jirgin ƙasa na dare zai kai shi Hosapete, kilomita 13 daga Hampi. Oktoba zuwa Fabrairu ya fi daɗin zuwa. Daga Maris rana na gasa duwatsun, inuwa kuma ba ta da yawa.