Rarrabuwar kawuna kan batun yaƙi: misalin rikicin Nijar da CEDEAO a 2023

Rarrabuwar kawuna ta siyasa ita ce yanayin da al'umma ke rabuwa gida biyu, kowane ɓangare ya riƙa nisa da ɗayan har a rasa masu tsayawa a tsakani. Masana na raba ta iri biyu. Akwai saɓanin ra'ayi kan manufa, kamar haraji ko tsarin zaɓe. Akwai kuma wanda ya koma ƙiyayya, inda mutum ke ɗaukar mai saɓa masa a matsayin maƙiyi ko maci amana. Batun yaƙi na cikin abubuwan da suka fi saurin kai mutane ga iri na biyun. An ga haka a yankin Sahel bayan juyin mulkin Nijar na 2023.

Yadda rikicin ya faro

Ranar 26 ga Yulin 2023 dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai. Bayan kwana biyu Janar Abdourahamane Tiani ya bayyana a matsayin shugaban majalisar soja ta CNSP. Ranar 30 ga Yuli ƙungiyar CEDEAO, wadda a Najeriya da Ghana ake kira ECOWAS, ta yi taro a Abuja ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Tinubu. Ta ƙaƙaba takunkumi, ta rufe iyakoki, ta kuma ba sojojin wa'adin mako ɗaya su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Najeriya ta katse wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda a lokacin ita ce kaso mafi yawa na wutar da ƙasar ke sha. Washegarin taron Mali da Burkina Faso suka ce duk harin da aka kai wa Nijar tamkar shelar yaƙi ce a kansu. Ranar 10 ga Agusta CEDEAO ta ba da umarnin ɗaura ɗamarar rundunarta ta ko-ta-kwana.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon bayan amfani da ƙarfi sun ce tun 2020 sojoji sun kifar da gwamnatoci a Mali da Gine da Burkina Faso, kuma idan aka ƙyale na Nijar babu zaɓaɓɓiyar gwamnatin da za ta tsira. Sun kafa hujja da Saliyo, inda dakarun ECOMOG suka mayar da Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a 1998, da Gambiya, inda shigar sojojin yankin ta sa Yahya Jammeh ya bar ƙasar a Janairun 2017. Côte d'Ivoire da Senegal da Benin sun nuna a shirye suke su ba da soja.

Masu adawa sun kafa hujja da Libiya, inda hare-haren NATO na 2011 suka bar ƙasar a wargaje, makamai suka kwararo Sahel. Sun ce yaƙi zai buɗe wa Boko Haram da ƙungiyoyin da ke yankin Tillaberi ƙofa. Aljeriya ta yi watsi da shirin, Chadi ta ce ba za ta shiga ba. Ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawan Najeriya ta nemi a bi hanyar sulhu, bayan sanatocin arewa sun fito fili sun ƙi. Jihohin Najeriya bakwai ne ke iyaka da Nijar: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, a kan iyakar da ta haura kilomita 1,500.

Abin da ke sa muhawarar zafi

Na farko, abin da ake jayayya a kai rai ne, kuma kowane ɓangare na ganin matsayin ɗayan zai jawo mutuwa. Mai son a shiga yaƙi na ganin mai ƙi a matsayin wanda ya miƙa wuya ga masu bindiga. Mai ƙi kuma na ganin mai so a matsayin wanda zai tura ƴaƴan talakawa su mutu.

Na biyu, yaƙi na haɗa ra'ayi da kishin ƙasa. Masanin siyasa na Amurka John Mueller ya bayyana a 1970 yadda jama'a ke rungumar shugabanninsu idan barazana ta zo daga waje. Ranar 6 ga Agusta, da wa'adin CEDEAO ya cika, dubban mutane suka cika filin wasa na Seyni Kountché a Yamai don mara wa sojoji baya. A irin wannan yanayi, wanda ya soki juyin mulkin sai a kira shi ɗan koren Faransa, wanda ya soki CEDEAO kuma a wani gefen a kira shi ɗan amshin shatan Rasha. Wannan ba sabon abu ba ne. An kashe ɗan siyasar Faransa Jean Jaurès a Paris ranar 31 ga Yulin 1914 saboda adawarsa da yaƙi. A 2003, da Faransa ta ƙi goyon bayan mamayar Iraƙi, wasu ƴan majalisar Amurka sun sa an cire sunan Faransa daga jikin soyayyen dankalin da ake sayarwa a ɗakin cin abincinsu.

Na uku, tsohon miki na shiga cikin sabuwar gardama. A Nijar maganar ta haɗe da mulkin mallaka, da kuɗin sefa, da yuraniyom ɗin Arlit, da sojojin Faransa kusan 1,500 da ke ƙasar a lokacin. Mutum biyu na iya musu kan Bazoum alhali kowannensu Faransa ce a ransa.

Na huɗu, labari na ƙaranci lokacin rikici. A farkon Agusta hukumomin soja sun dakatar da RFI da France 24 a Nijar. Gurbin da aka bari sai saƙonnin murya na WhatsApp da bidiyoyin TikTok da Facebook suka cike shi, wasunsu tsofaffin hotuna ne daga wasu ƙasashe. Binciken masana halayyar ɗan Adam ya nuna cewa idan masu ra'ayi ɗaya suka yi ta magana su kaɗai, sukan tashi da ra'ayi mai tsauri fiye da wanda suka zauna da shi.

Waɗanda suka shiga tsakani

Mutanen da ke da mutunci a ɓangarorin biyu ne suka fara buɗe ƙofa. Muhammadu Sanusi II ya gana da Janar Tiani ranar 9 ga Agusta. Tawagar malaman Najeriya ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta biyo baya cikin kwanaki kaɗan. Ranar 19 ga Agusta tawagar Janar Abdulsalami Abubakar ta ga Tiani da Bazoum.

Abin da ya biyo baya

Ba a gwabza yaƙin ba, amma ɓarakar ta dore. Ranar 16 ga Satumban 2023 Mali da Burkina Faso da Nijar suka kafa ƙawancen AES. Sojojin Faransa sun gama ficewa a Disamba. Ranar 28 ga Janairun 2024 ƙasashen uku suka sanar da fita daga CEDEAO, abin da ya tabbata bayan shekara ɗaya, duk da cewa ƙungiyar ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024.

Hausawan da ke zaune a Benin da Ghana da Kamaru da Chadi sun ɗanɗana rikicin ta fuska biyu. Rufe gadar Malanville zuwa Gaya ya tsayar da manyan motoci, ya taɓa ƴan kasuwar albasa da dabbobi. Sannan da yawansu sun tsinci kansu tsakanin matsayin gwamnatin ƙasar da suke zaune da kuma dangin da ke Maraɗi, Damagaram ko Tawa, waɗanda yaƙin zai fara ci da an yi shi.